Kuki, Mai Gadi da Ƙofar Imel: Tarihin Wani Ciwon Kai da Ya Iso Sanam

Duk wanda ya taɓa neman buɗe imel ɗinsa a waya a nan Sanam, ko a Abala, ko a Filinge, ya san wannan ciwon kai. Ka sa adireshi, ka sa kalmar sirri, ka latsa. Shafin ya yi fari fat na ɗan lokaci, sai ya maido ka inda ka fito, gurabun nan biyu a wofi suna jiranka. Bai ce kalmar sirrinka ba daidai ba ce, bai ce komai ba. Ka sake, ya sake. A tsakaninmu malamai, rezo ake fara ɗora wa laifi, sannan 'yan kutse, sannan tsufan waya. Sau da yawa kuwa babu ruwan ko ɗaya daga cikinsu. Rigima ce tsakanin wani ɗan guntun rubutu da Turawa suka laƙaba wa suna kuki, da masu gadin da aka ɗora daga baya don su tsare mu daga sharrinsa. Rigimar ta haura shekara talatin, kuma wanda ya san yadda ta faro ya fi saurin gane inda ƙofarsa ta cije.

Kafin zuwan salula, wasiƙar ɗan Kurfai da ya tafi bida Kumasi ko Abijan ko Legas tana zuwa ne a hannun wani mai dawowa gida, ko ta gidan waya na Filinge, daga can direban motar kasuwa ya ƙaraso da ita. In da boko aka rubuta ta, mushen lakwal ke karantawa. In da ajami ne, a kai wa malamin allo. Babu wanda ke tambayar shaida, domin mai kawo wasiƙar ya san gidan, ya san fuskar mai ita, ya san ubansa. Sanayya ce mabuɗin.

Ita kuwa yanar gizo, tun ran da aka haife ta ba ta riƙe fuska. Tim Berners-Lee, wani Bature ɗan Ingila, shi ya tsara ta tsakanin 1989 da 1991 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, don masana su riƙa karanta takardun junansu. Yadda ya gina ta, burauzarka za ta nemi shafi, kwamfutar da ke ajiye da shafin ta miƙo, shi ke nan ta manta da kai. In ka nemi shafi na biyu bayan daƙiƙa ɗaya, a wurinta baƙo ne sabo ya iso. Ga mai karanta takardun kimiyya wannan ba aibi ba ne. Amma ba a ciniki da mai shagon da ke mance ka tsakanin ɗaukar sabulu da ɗaukar sukari.

A watan Yunin 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, wanda a lokacin bai cika shekara 25 ba, yana aiki a kamfanin da daga baya ya zama Netscape a Kalifoniya. Suna yi wa kamfanin sadarwa na MCI aikin kasuwanci ta intanet, ana neman hanyar da shafi zai tuna abin da mai saye ya riga ya zaɓa. Dabarar da ya fito da ita duk mun san irinta. Wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa a Yamai ya san yaron ajiya ba ya haddace fuskar kowa. Lamba yake ba ka a guntun kwali, ya bar takwararta a jikin babur. In ka dawo ka miƙa kwalin, ya ba ka abinka. Kuki ke nan: ɗan rubutu ne ƙarami, wanda bai wuce haruffa dubu huɗu da 'yan kai ba, shafi ya ba burauzarka ta ajiye, duk sanda ta koma gidan sai ta nuna. Sunan ma aro ne daga wata tsohuwar kalmar masu shirya manhaja, babu abin da ya haɗa shi da biskit ɗin da yara ke ci. Burauzar Netscape da ta fito ranar 13 ga Oktoban 1994 ta zo da shi, ta Microsoft ma ta bi sahu a shekarar da ta biyo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin shi ne shawarar da Montulli ya ƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowace burauza lamba guda ta dindindin wadda kowane shafi zai gani. Ya ƙi hakan, domin da wannan lamba ana iya bin sawun mutum duk inda ya shiga. Sai ya kafa ƙa'ida cewa kowane gida lambarsa kaɗai zai iya karantawa. Kwalin da aka ba ka a wannan kasuwa ba shi da amfani a waccan. Niyyar mai kyau ce, sai dai an bar wata kafa.

Kafar ita ce, shafi ɗaya da kake gani a allon waya ba daga gida ɗaya yake fitowa ba. Rubutun na jaridar ne, amma hoton tallan da ke gefe daga kwamfutar wani kamfani daban yake zuwa, kuma shi ma wannan kamfani yana da ikon miƙa wa burauzarka nasa kwalin. To, in kamfanin talla guda yana da hoto a shafi dubu, duk wanda ka shiga daga cikinsu burauzarka za ta nuna masa lambar nan tasa, shi kuma ya rubuta: ga wane ya zo nan, jiya yana can. A nan misalin ajiyar babur ya ƙare, sai dai mu tafi Tukunus, arewa da Filinge, inda ake kiwon shanun Azawak na gwaji. Saniyar can tana da lamba, akwai littafin da ake rubuta uwarta da ubanta da yawan nononta, ita kuwa ba ta san ana yi ba. Kamfanin DoubleClick, wanda ya taso a tsakiyar shekarun 1990, da wannan dabara ya yi arziki.

Ba a daɗe ba asiri ya tonu. Ranar 12 ga Fabrairun 1996 jaridar Financial Times ta Landan ta buga labarin kuki, mutane suka fara jin cewa ana ajiye musu abu a kwamfuta ba da saninsu ba. A Fabrairun 1997 aka fitar da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2109, wadda David Kristol da shi Montulli suka rubuta, ta ce kukin baƙon gida kada burauza ta karɓe shi sai in mai ita ne ya buɗe masa da kansa. Manyan masu burauza na lokacin suka yi kunnen uwar shegu da wannan sashe. Kuɗin talla ke riƙe da shafukan kyauta, babu mai son ya toshe rijiyar da yake sha. A 1999 DoubleClick ya sayi kamfanin Abacus Direct, mai tarin sunaye da adireshin masu sayen kaya, a kan dala biliyan 1.7, da nufin haɗa lambar da sunan mai ita. Hayaniyar da ta tashi ta sa ya janye shirin a shekarar 2000. A 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick ɗin kansa a kan dala biliyan 3.1. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

Yanzu mu dawo kan imel, inda labarin ya taɓa mu kai tsaye. Imel ya girmi yanar gizo, amma a da sai mai kwamfutarsa da layin tarho da rajista a kamfanin sadarwa ke da shi. Da intanet ta shigo Nijar ta hannun SONITEL a rabin ƙarshe na shekarun 1990, adireshin da ke ƙarewa da intnet.ne na ma'aikatu ne da ƙungiyoyin agaji da manyan 'yan kasuwa. Talaka ya samu shiga ne ta wata ƙofar. Ranar 4 ga Yulin 1996 Sabeer Bhatia, ɗan asalin Indiya, da abokinsa Jack Smith suka buɗe Hotmail, akwatin wasiƙa na kyauta da ake buɗewa daga kowace burauza a ko'ina. Megabait 2 kacal yake ɗauka. Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, shekarar da Yahoo ya buɗe nasa, Caramail kuma ya fito a Faransa. Gmail bai zo ba sai 1 ga Afrilun 2004, da gigabait guda, har wasu suka ɗauka wasan ranar ƙarya ne.

Mu da muka yi makarantar horon malamai a farkon shekarun 2000, a sibar muka san imel. Ka biya kuɗin awa, ka zauna gaban kwamfutar da mutum ashirin suka taɓa a ranar, ka jira shafi ya sauko layi-layi. Kusan kowa a cikinmu adireshinsa da yahoo.fr yake ƙarewa, ko da caramail. Ba mu da kwamfuta, ba mu da akwatin gidan waya, amma muna da adireshin da za a same mu daga Faris ko Makka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan ƙauye.

Irin wannan imel a yau ba ya tafiya sai da kuki. Kalmar sirri sau ɗaya kake faɗin ta, a bakin ƙofa. Daga nan, buɗe wasiƙa, ba da amsa, ɗora takarda, duk kwalin ne ke yi maka shaida. Shi ya sa a zamanin sibar wanda ya tashi bai latsa wurin fita ba, mai zama bayansa sai ya tsinci kansa cikin wasiƙun wani, ba tare da ya san kalmar sirri ba. Ɓarayi ma sun gane haka. A farkon 2017 Yahoo ya bayyana cewa a 2015 da 2016 wasu sun ƙera kukin jabu sun shiga akwatuna kusan miliyan 32, ba su buƙaci kalmar sirrin kowa ba. Wanda ke riƙe da kwalin shi ke tafiya da babur.

Martanin duniya ta hanya biyu ya zo. Ta farko doka ce. Tarayyar Turai ta yi doka a 2002, ta ƙara mata ƙarfi a 2009 da sharaɗin neman yardar mutum kafin a ajiye masa kukin da ba na dole ba, sannan babbar dokar kare bayanai ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Daga nan ne allunan nan masu tare rabin shafi suna tambaya ko ka yarda suka cika ko'ina. A Janairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da cin Google tarar yuro miliyan 150, kusan sefa biliyan 98 ke nan, Facebook kuma miliyan 60, saboda sun sa yarda ta zama latsawa ɗaya, ƙi kuwa sai an yi ta zagaye. Mu ma an yi mana tamu: doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayun 2017, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP tsaron bayanan 'yan ƙasa. Ban taɓa jin an ambaci wannan doka a wani taron horon malamai da na halarta ba, alhali kullum sunayen yara da ranakun haihuwarsu muke turawa ta waya.

Hanya ta biyu ita ce masu gadi. Adblock Plus ya fito a 2006 yana toshe talla, wasu irinsa suka biyo baya. Sannan su kansu masu burauza suka shiga: Apple ya sa wa Safari mai hana bin sawu a 2017, ya toshe kukin baƙon gida gaba ɗaya a Maris ɗin 2020. Firefox ya kunna nasa ga kowa a Satumban 2019. Google, wanda talla ce abincinsa, ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa cikin shekara biyu Chrome zai daina karɓar irin wannan kuki. Ya ɗage, ya sake ɗagewa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Wato abin da takardar 1997 ta nema, har yau ba a gama yi ba.

A wurinmu ba tsoron bin sawu ne ya kawo masu gadin nan ba, tsadar mega ce. Tun da Opera Mini ya fito a 2005, yana bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninsa a matse shi kafin ya iso waya, 'yan Afirka suka rungume shi. Duk burauzar da ta ce tana toshe talla tana rage cin kuɗi, ita mai cajin waya zai saka maka. Kuma gaskiyarsa, domin tallan bidiyo guda na iya cinye abin da zai ishe ka karanta wasiƙa hamsin.

Ga inda karon yake. Manyan kamfanonin imel sun raba wurin shiga da wurin wasiƙa. A wani adireshi ake duba kalmar sirrinka, a wani daban akwatinka yake. Ofishin farko ya ba ka kwali ya ce ka kai na biyu. Mai gadi kuwa an koya masa cewa kwalin da ke ƙetare gida zuwa gida abin zargi ne, don haka wani lokaci sai ya ƙwace shi a hanya, ko ya hana ɗan akwatin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne fitowa. Ka isa ofishi na biyu hannu wofi, ya mai da kai na farko, na farko ya sake turo ka. Zagayen da muke gani a allo ke nan. In kuma wani ya shiga saitin burauza ya zaɓi toshe kowane irin kuki don neman tsaro, to ya kulle kansa a waje ne, babu imel ɗin da zai buɗu.

Akwai ƙananan dalilai da ke kama da wannan. Tsohon kwalin da ya lalace, ko na wani da ya ari wayar jiya, yana iya cin karo da sabo. Mahaɗin da aka latsa daga cikin Facebook yakan buɗu a wata 'yar burauza ta cikin manhajar, wadda jakar kukinta daban take da ta babbar burauzarka. Sai agogo. Kuki yana da ranar mutuwa, takardar shaidar shafin ma tana da ranar farawa da ta ƙarewa. Tsohuwar kwamfutar ofishin darekta da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu tana iya farkawa tana zaton shekara goma baya muke, sai ta ƙi yarda da kowane shafi.

Amma ɓarnar da ta fi kowace ba kuki ke yin ta ba, maganin da muke ba shi ne. Da zarar waya ta yi nauyi ko imel ya cije, abin da ake cewa shi ne a share duka, har da manhajoji na musamman masu hoton tsintsiya. To, cikin abin da tsintsiyar ke kwashewa akwai kukin da ke gaya wa kamfanin imel cewa wannan wayar sananniya ce. Da ya tafi, sai kamfanin ya ɗauke ka baƙo, ya ce ya tura lambobi zuwa layin da ka ba shi ran da ka buɗe akwatin. Ina layin? Wataƙila ya faɗi a gona shekara biyar da suka wuce, wataƙila na mai sibar ne da ya buɗe maka, wataƙila yana cikin waɗanda aka rufe a ƙarshen 2013, lokacin da hukuma ta yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar nan saboda ba a yi musu rajista ba. Na san wata malama da ta rasa akwatin shekara goma ta wannan hanya, da hotunan takardun shaidarta da duk wasiƙun aikinta a ciki. Kalmar sirrinta daidai take har yau, ba ta da inda za ta kai ta.

Waɗanda suka ƙera kuki, da waɗanda suka ƙera masu gadinsa, duk mutum ɗaya suke gani a ransu: mai waya tasa shi kaɗai, da layi guda da ba ya canzawa, da wutar da ba ta ɗaukewa. A Sanam waya ɗaya tana iya zama ta maigida da uwargida da ɗan da ke kwaleji da maƙwabci, tana kwana a rumfar mai caji, layinta kuma yana sauyawa gwargwadon kamfanin da rezonsa ke kamawa a makon. Ga matsalar tsaro da ta rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi ta tarwatsa malamai, ta sa tafiyar da a da ake yi don kai takarda hannu da hannu ta zama abin tunani. Sanarwar jarrabawar ɗaukar aiki, neman tallafin karatun yaro, takardar canjin wurin aiki, da yawansu yanzu ta waya suke bi, kuma suna da ranar rufewa. Kwana biyu a bakin ƙofar imel na iya zama asarar shekara.

Idan aka kawo mini waya da wannan ciwo, agogo nake fara dubawa, don shi ya fi arha. Daga nan in buɗe tagar sirri ta burauzar, wadda wayoyinmu masu Faransanci ke kira navigation privée. Ita tana farawa ne da jaka wofi, babu tsohon kwali ko ɗaya. In imel ya buɗu a can, na san tsohon kuki ne ya lalace, sai in share na wannan shafin kaɗai in bar sauran. In bai buɗu ba, sai in leƙa saitin kuki da mai toshe talla da yanayin tsimin mega, in ɗage wa shafin imel ɗin shi kaɗai, ban kori mai gadi daga gidan gaba ɗaya ba. In duk ya ƙi, manhajar imel ɗin kanta takan buɗu, domin ba ta dogara da jakar burauza ba. Kuma ba na taɓa tsintsiya sai na tambayi mai wayar ko layin da ya ba kamfanin yana hannunsa. In ba ya nan, kuma akwai wata na'urar da akwatin ke buɗe a cikinta, can za mu fara zuwa mu sauya lambar tun ƙofa tana buɗe.

Saura maganar amana, wadda ta shafi iyaye da mu malamai. Mushen da ke karanta wa gari wasiƙa a da, shi ne yau ake kawo wa waya ya buɗe wa yaro imel don rajistar jarrabawa. Na ga malamai masu riƙe da kalmar sirrin ɗalibai talatin a wayarsu, akwatunan duk a buɗe, layin malamin ne kuma aka bayar a kowanne. Ran da aka canza masa wurin aiki, ko wayar ta faɗa rijiya, yara talatin sun rasa adireshinsu. Ni a tagar sirri nake buɗe wa yaro, in sa layin mahaifinsa ko na mahaifiyarsa, in latsa wurin fita a gabansu in rufe tagar. Adireshin da kalmar sirrin da lambar layin kuma a rubuta su a takarda, uban ya ajiye ta tare da takardar haihuwar yaron.